Littattafan Jeren Aina'u

An tashi daga aiki a Sharada. Aina'u na bakin titi tana jiran adaidaita sahu, rungume da sababbin littattafai, katin aikinta rataye a wuya. Wani magidanci da ke gefenta ya dubi kayan.

"Baiwar Allah, duk waɗannan ke za ki karanta?"

"Gasa muke yi a waya, Malam. Wadda ta gama littafi sai ta tura hotonsa. Ni ce kan gaba."

"Ke da kike wuni a kan inji, yaushe kike samun lokaci?"

"Wa ya ce karantawa nake? In ɗauki hoto, in jera su a kabad. Kwanukan jeren matarka ana cin tuwo a cikinsu?"

"Ba a ci. Ai ni tuwon kirki ma na manta ɗanɗanonsa. Matar tawa tana cikin irin gasar nan, kullum miya na ƙonewa tana karatu, har likita ya sa mata tabarau. Wai wata Aina'u 'yar Panshekara ta yi mata fintinkau. Ta rantse ranar da suka haɗu sai ta titsiye ta da tambayoyi, shafi bayan shafi."

Aina'u ta tura katin aikinta cikin hijabi.

"Allah sarki. Ka san fuskar Aina'un?"

"Ina fa. Ke ya sunanki?"

"Fiddausi. Kuma a Na'ibawa nake."

Adaidaita ya tsaya yana kiran Panshekara. Mutumin ya shiga, ita kuwa ta tsaya tana kallon adaidaitan unguwarsu ya wuce.