Zaren Kaset a Gonar Gero

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Shekara shida rabona da Gummi, ina dako a Legas.

Yayana, marigayi Lawali, shi ya fara shigo da kyamarar bidiyo yankinmu. Ya ɗauki masunta da makaɗa, har da Innarmu tana daka. Da ya rasu, ƙanenmu ya ajiye kaset-kaset ɗin.

Jiya ƙanen ya zo ya shaida mini ya warware zarensu, ya ɗaura a gona don korar tsuntsaye. Ya ce, "Yaya, suna cinye muna gero, mi zan ba yara?" Ban zage shi ba, gaskiya ya faɗa. Amma Inna ma ta rasu, ko hotonta ba mu da shi.

Jama'a, wa ya iya gyaran kaset mai fumfuna? Biyu suka rage, ga su a hannuna, ban san ko tana ciki ba.