Ƙirar Bahago

A ɗakin jira na masu tantance takubba a garin Seki, tsoho Kuwabara ya ƙura wa takobin wani baƙo ido, an cire masa ƙota.

"Ina ka samo shi, ɗan nan?"

"A intanet, Baba. Har da takardar shaida."

"Takarda ko ni sai in buga maka. Miƙo gindin in ga sunan maƙerin."

Baƙon ya nuna masa, ya yi maza ya janye kayansa. "Na san irinku. Ku kushe abu, ku saye shi a wulaƙance."

"Ko kyauta ba na so. Tsatsar ta yi kamar ta gaske, sunan ma sun iya shi. Amma dubi sawun magagari, mai hannun dama ne ya goga. Mai sunan nan kuwa bahago ne."

"Ka taɓa ganin hannunsa ne?"

"Na sha marinsa. Mahaifina ne."

Baƙon ya sassauta murya. "Mai sayarwar fa yana da wasu goma sha biyu masu sunan nan."

"Tara ya ƙera duk rayuwarsa," in ji Kuwabara. "Ashe sai da ya rasu ya dage da aiki."