Ginin Tsohuwar Majema

A tashar Nguru, ana jiran motar Gashuwa ta cika, wani mai kwat ya shaida wa dattijuwar da ke gefensa cewa shi ya zana ɗakin kwanan ɗalibai da aka gina a tsohuwar majema.

"Fili kamar tafin hannu, Iya, amma na kwantar da yara ɗari biyu!"

"Madalla! Damina uku ko tsagewa bai yi ba. Amma ɗan nan, me ya sa ya lanƙwashe a tsakiya?"

"Salon Turai ne. Ba za ki gane ba."

"Ayyo. Ai ramukan jimar maigidana ne a gurin. Yarinyar da ta zana shi, Yemisi, kwana uku tana bina da sanda, ina nuna mata inda ƙasa ba ta ɗaukar gini."