Ƙafar da Na Manta Ban Wanke Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Iyayena da 'yan'uwana, salama a gare ku.

Ni ne Ishaku, mai awon hatsi a kasuwar Sheme. Abin kunyar shi ne, shekara da shekaru ba wanda ya ji sunan nan daga bakina a kasuwar. Ran da na fara awo wani ya tambayi sunana, sai na ji bakina ya ce, "Isiyaku." Ɗan lanƙwasa harshe kawai, shi ke nan aka ɗauke ni Musulmi. Kada in ɗora wa kowa laifi, ba wanda ya tilasta mini. Tsorona ne: kada masu saye su gudu, kada in rasa rumfar da Alhaji Mamman, dillalin masara, ya ba ni.

Ranar Lahadi ina cikin mawaƙan coci, muryata ta fi ta kowa. Ranar kasuwa kuwa, da an kira azahar sai in sulale bayan buhuna da buta, in jiƙa fuska da hannuwa, in fito ruwa na ɗiga a gemu kamar wanda ya yi alwala, in je in laɓe wajen mahauta har a idar da salla. Kai, jama'a! Na raina addinin mutane, na yi musun Ubangijina, kuma ina kiran wannan dabara.

Wata rana na fito da jiƙaƙƙiyar fuskata, sai Alhaji Mamman ya ce, "Ishaku ɗan Baba Tanko, taho nan."

Sunana na gaskiya!

Ya ce, "Dubi ƙahwarka."

Na duba. Fuska sharkaf, ƙafa kuwa fari fat da ƙaiƙayi.

Ya ce, "Wace irin alwala ce ba ƙahwa? Na daɗe ina kallonka. Na san mahaihinka tun a Tafoki. Kirista ne, kowa ya sani, kuma in na bar mishi kaya ko waiwaye ba ni yi. Kai ko ban san mi kake ba. Ka ɓoye wanda kake bauta ma, to yaya za ni amince da awonka?"

Ya saɓa babbar rigarsa ya tafi masallaci.

'Yan'uwa, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na koma bayan buhunan nan, na durƙusa da tsakar rana, na yi kuka. Na ce, "Ya Yesu, kai ka zaɓe ni, ka keɓe ni domin kanka, ni kuma na raba zuciyata biyu saboda tiyar masara. Ka gafarta mini. Ko rumfar za ta tafi, ta tafi, yau sai na faɗa."

Da aka fito salla na miƙe a bakin rumfa. Na ce wa maƙwabtana, "Ku yafe mini, na yaudare ku. Sunana Ishaku, ni mai bin Yesu ne." Wani ya yi salati, wani ya tuntsire da dariya ya ce ai su sun daɗe da ganewa. Alhaji kuwa bai tashe ni daga rumfar ba.

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba: akwai waɗanda suka daina saye a wurina, kuma har yau ciniki bai koma yadda yake ba. Akwai makon da muka sha kunu safe da yamma a gidana. Amma ran kasuwar da ta wuce, da aka kira azahar, mutum biyu suka bar mini kayansu, suka ce, "Ishaku, sa mana ido mu dawo." Na zauna a fili, na sunkuyar da kai, na yi addu'ata kowa na gani. Halleluya!

Na gode wa Allah da ya tona asirina don ya cece ni. Ɗan'uwa, in kai ma akwai inda kake ɓoye shi, ka dogara gare shi ka fito. Ni dai na gama. Ko kunun nan zan yi ta sha har in mutu, da zuciya ɗaya zan sha shi. Amin.