Ten Burentau, Ɗalibin Haske Tilo na Tsibirinmu

Dattawan wannan maneaba, zauren taronmu, iyayen tsibirinmu, ina gaishe ku. Fasto da uwargidansa, shugaban majalisar tsibiri da 'yan majalisa, malamar asibiti, malaman makaranta, sannunku da zuwa. Nei Kaekea, matar marigayi, sannu da haƙuri. Tiaon da Nei Bwenaata, 'ya'yansa da ke saurarenmu ta waya daga gonakin Niyu Zilan, ina fata muryata tana isa gare ku.

Ni ne Karotu, abokinsa tun muna yara. An ce in yi magana a madadin jama'a saboda ni ne na ƙarshe a cikinmu da ya ji muryarsa. Mun taru babu gawa a gabanmu. Ten Burentau yana kwance a maƙabartar Tarawa, babban birnin ƙasarmu, tsakanin mutanen da bai sani ba.

Ya kasance ma'aikacin manyan jiragen ruwa a ƙuruciyarsa. Abin da ya dawo da shi gida, ganin Nei Kaekea ne da ya fara raguwa. Tana tuntuɓe da kwakwa a tsakar gidanta, kuma babu wanda ya iya gaya masa dalili. Sai mutumin da ya haura hamsin, da furfura a kansa, ya shiga karatun ilimin haske da ido ta kwamfuta, daga nesa, a wata jami'a da ke Suva.

Ya kasance ɗalibi shi kaɗai. Kun tuna ɗan ɗakin nan na bayan ofishin majalisa, da kwamfuta guda. Can yake zama da rana tsaka, lokacin da kowa ke kwance a inuwa. Malamarsa na cikin bayani, girgije ya taso, sabis ya ɗauke, fuskarta ta daskare baki buɗe. Haka zai zauna yana kallonta har ta motsa, wani lokaci kuma ba ta motsawa sai wani makon. Abokan karatunsa sa'annin 'ya'yansa ne, a tsibirai daban-daban, bai taɓa shan hannu da ko ɗaya ba. In ya gane wani abu mai daɗi, babu wanda zai juya ya gaya wa. Sai ya ɗauko ya kawo mana bakin teku.

Wata rana ina riƙe da mashi cikin ruwa, ya ce mini, "Karotu, kifin nan da kake gani ba a nan yake ba. Haske ne ke karyewa in ya fito daga ruwa."

Na ce, "Kai, malam! Sai da Suva ta gaya maka? Kakana ya san wannan, bai taɓa riƙe biro ba."

Ya ce, "To me ya sa jikansa ke dawowa gida da kwando wayam?"

Ya kasance mai riƙe damuwarsa a ciki. A karatun nan ne ya gano cewa ciwon matarsa hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Shi ya fara sani a duk tsibirin nan. Ranar ya zo ya zauna a gefen kwale-kwalena, ya gaya mini. Na ce, "To ai sai ka bar karatun." Ya ce, "Nata ya wuce. Naka fa? Tun ɗazu kake neman bakin ƙugiya da zare."

Bai bari ba. Ya gama, ya samo akwatin gilasan gwaji da tabarau, ya bi ƙauye-ƙauye a kan keke. Matan da suka daina saƙar tabarma suka koma saƙa. Tsofaffin da suka daina karanta Littafi Mai Tsarki suka koma karantawa. Shi ya matsa wa masunta su riƙa kare idonsu daga ƙyallin ruwa, har yara suka sa masa suna Baban Tabarau.

Ni kuwa yanar ido ce ta rufe mini gani, tabarau ba ya maganinta. Da ya ji likitocin ido za su zo Tarawa, sai ya kwashe mu, mu uku tsofaffi, ya shiga jirgi da mu. Shi ke riƙe hannuna, shi ke cire mini ƙaya a kifi. Ranar da za a yi mini aikin ido ya raka ni har ƙofa, ya ce, "Gobe za ka ga yadda na tsufa, kada ka yi dariya."

Washegari aka cire mini bandeji. Na ga bango, na ga taga, na ga hannuna. Na duba ko'ina ban gan shi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya a masaukinmu, babu kowa kusa da shi. Ba jirgin da zai kawo shi gida a kan lokaci, a can muka binne shi. Mu uku muka dawo muna gani, shi bai dawo ba.

Tiaon, Nei Bwenaata, mun san aiki ne ya riƙe ku, babu mai ganin laifinku. Amma in kakar 'ya'yan itace ta ƙare, ku zo gida.

Nei Kaekea, ki yafe mini, zan faɗi abin da kika gaya mini jiya. Kin ce da ƙarar takunsa a kan tsakuwar ƙofar gida kike sanin safiya ta yi ko yamma, yanzu kuwa yinin duk ɗaya ne. Jama'a, kun ji. Duk wanda zai wuce ta gidan nan, kada ya wuce shiru. Ya taka tsakuwar da ƙarfi, ya faɗi sunansa, ya zauna ko kaɗan ne.

Mun gode wa matan da suka yi girki, da 'yan waƙar coci, da mutanen Tarawa da suka taya mu haƙa kabarin baƙo. Allah ya jiƙan Ten Burentau, ya ba shi hutawa, ya zama abokin zaman wadda ya bari. Amin.