Gemun Malam

A bencin ɗakin gaggawa, Hure na zaune riƙe da almakashi, wani dattijo ya zuba mata ido.

"Baiwar Allah, ke kika datse gemun malamin can?"

"Ni ce, Baba, mijina ne. Numfashinsa ya sarƙe, likita ta ɗaura masa takunkumin hura iska, amma iskar ta gemu take zurarewa. Ɗalibansa suka tsaya musu, ni kuwa na aro almakashi."

"Gemun shekara talatin! Ba kya tsoron Allah?"

"Tsoronsa ne ya sa. Gemu ai yana tsirowa."

Dattijon ya shafa nasa. "In ya farfaɗo ya gani fa?"

"Ya sake ni in ya so. Ai sai mai numfashi ke saki."