Makullin A-kori-kurar Fatakwal

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Fatakwal. Inna ta sa aka ja ta zuwa kasuwa aka sayar, ta ɗinke min kuɗin a cikin ƙugun wando, ta haɗa min da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa a gwangwani, ta ce kar na kuskura na ci abin da ban san sunansa ba. Da na bi maganarta da yunwa ta kashe ni a satin farko. Kai Sadiku, ajiye wayar nan ka saurara, tunda kai ma na ji kana cewa da an gama girbi za ka shiga Kudu.

Ɗakin da na samu, a irin gidan nan ne da suke ce wa fes-mi-ai-fes-yu. Dogon lungu ne, ƙofa na kallon ƙofa, in maƙwabcinka ya soya manja kai za ka yi tari. Mai gidan ba mu taɓa ganinsa ba, sai wakilinsa, wai shi kiyateka, wani gajeren mutum mai yawo da tawul a wuya. Kullum rigimarmu a kan ruwan alwala ce.

Ya ce, “Aboki, ka sake jiƙa min baranda.”

Na ce, “Garin da sama ke zuba tun safe har yamma, butata ce ta dame ka?”

“Ruwan sama ba ya biyan haya a nan, kai ke biya.”

Na ce to shi ya sa nake da ikon zubawa. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba, ni kuma ban fasa alwala ba.

Aiki kuwa, Allah ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ke kai wa injinan dogayen ƙarafan nan na sabis ɗin waya man dizal, can cikin ƙauyukansu. Mota ɗaya ce da mu, farar a-kori-kura, mai kamfanin kuma Oga kawai muke ce masa. Ni ne yaron mota. Ni ke ɗora jarkoki, ni ke saukewa, ni ke zama a baya ruwa na dukana. Direban wani dattijo ne, Baba Sande, mutumin kirki, shi ya koya min tuƙi. Idanunsa sun fara rauni, kowa a kamfanin ya san ranar da ya ajiye makulli, hannuna ni Haladu zai faɗo. Na yi shekaru ina jiran ranar nan. Har hular da zan sa na saya na ɓoye a ƙasan akwati.

Ana cikin haka sai matata Hajara ta matsa min a waya, wai in taimaka in jawo ƙaninta Tanimu, yana zaune a garinsu Gude ba aikin fari ba na baƙi tun da taraktar da yake ja ta lalace. Na aika masa ya zo. A tabarmata ya kwana, a kwanona ya ci, ni na kai shi gaban Oga na ce ɗan'uwana ne, a ɗauke shi ɗaukar jarka. Kun dai san Tanimu, dogo, kullum haƙora a waje. Kafin wata ya zagayo ya iya Turancinsu na buroka, yana “wetin, wetin” da matan da ke sayar da abinci, suna ƙara masa nama. Ni da na riga shi zuwa da shekaru, ko romo ba a taɓa ƙara min ba.

Ranar da Baba Sande ya yi sallama, Oga ya kira mu ofis ya tambaya waye ke da lasin. Tanimu ya zaro nasa daga aljihu. Nawa kuwa kullum gobe zan je in yi. Shi ke nan, makulli ya tsallake kaina.

Ku sani, a wurin ci-rani wanda ya kawo ka shi ne babbanka, ba ka shiga gabansa sai da izininsa. Tanimu bai karya wannan ba, in faɗi gaskiya. Ya same ni a ɗaki ya durƙusa ya ce in ban yarda ba zai mayar wa Oga makullinsa. To me zan ce? In ce ban yarda ba, kafin gari ya waye labari ya isa Gude ya dawo nan Unguwar Tudu cewa Haladu ya tare wa ƙanin matarsa arziki. Na ce Allah ya sanya alheri. Bakina ne kawai ya faɗa. Kishi na yi, ba na ɓoye muku, kuma har gobe ina ganin ni na cancanta.

Sai wata rana da damina muka kai mai wani ƙauye. A hanyar dawowa muka tarar ruwa ya mayar da hanyar taɓo zalla. Irin motar nan, bayan sandar giya da kuka sani, akwai wata 'yar gajeruwa a gefenta, direbobi na ce mata ogzilari. In ka ja ta har ƙarshe, tayoyi huɗun duka suna ja, motar ta yi ƙarfi kamar tarakta amma ba ta da gudu ko kaɗan. Tanimu ya sa ta, ya fitar da mu tsaf, har mutanen ƙauyen na tafa masa. Ina baya ina kallo, na ce a raina ko ni ma ai da na fitar. Da muka hau kwalta bai tsaya nan take ba, saboda manyan motoci na tahowa a guje. Ya karya kwana, ya ɗan yi tafiya har ya samu gefen da zai raɓa. Ya taka kuloc, ya sa firi, ya kama 'yar sandar zai mayar da ita. Ta ce ba ta san zancen ba.

Ya ja, ya tura, ya girgiza. Ya kashe mota ya sake tayarwa. Ya ce ko taɓo ne ya cushe ta daga ƙasa, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga ƙarƙashi da tsinke yana ƙwaƙula, ya fito kamar wanda aka tono. Muka ɗiga mata man dizal, muka ɗiga na inji. Muka haɗa hannu mu biyu muka ja har na ji sandar na neman lanƙwashewa. Ina ja ina addu'a a zuci kar ta fita. Wani bakaniken babur da ke bakin hanya ya zo ya leƙa, ya ce sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya, har ya aika a ɗauko masa guduma. Nan Tanimu ya tsorata ya kira Oga. Ina jin ihun Oga daga inda nake tsaye. Can sai Tanimu ya miƙo min wayar.

Oga ya ce, “Haladu, kai ka daɗe da motar nan. Karɓi makulli ka kawo min ita. Kar kowa ya sa mata guduma.”

Na ce, “Oga, makullin na yau ne kawai, ko kuwa?”

“Daga yau kai ne direba. Wancan ya koma jarka.”

Wallahi ban taɓa jin Turanci mai daɗin wannan ba. Na shiga na gyara kujera, na gyara madubi, na ce wa Tanimu ya hau baya don gaba akwai takardun kamfani kar ya jiƙa su. Na ja mota. Inji na kuka kamar zai tsage, amma tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba. Masu babur na wuce mu suna zagi, wata mata mai tallan ayaba ta jera da mu tana min ciniki ta taga. In na zo kwana sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa ƙara suna tsalle a kan kwalta. Duk ban damu ba. Na ɗora gwiwar hannu a taga, ina leƙa madubi ina ganin Tanimu a takure cikin jarkoki, yayyafi na sauka a kansa. Da a ce hanyar ta kai har Kano a haka, da na ja.

Bayan la'asar muka shiga harabar kamfani. To a sana'ar mota akwai al'ada, ko a tashar Gwarzo haka ake yi. Direba ba ya gyara wa mota tsayuwa. In ya iso sai ya sauka ya jefa wa yaronsa makulli, yaro ya juya ta, ya ajiye ta a mazauninta, ya wanke. Shekaru ina cafe makulli daga hannun Baba Sande, yau dai ga ni ga ranar jefawa. Na tsaya a tsakiyar fili inda kowa zai gani, na fito a hankali, na ɗaga murya na ce, “Kai Tanimu, gyara mata tsayuwa, ka wanke ta tas.” Na jefa, ya cafe, ya ce to Yaya.

Dokar kamfanin, da baya ake ajiye mota, hancinta na kallon ƙofa, filin kuma tsakuwa ce. Oga ya fito baranda, ni kuma na nufe shi ina shirya yadda zan ba da labari. Tanimu ya sa ribas, ya ja baya kamar tsawon wannan rumfar da muke zaune. Sai muka ji wani ƙas daga ƙarƙashin mota. Ya tsaya, ya kai hannu, ya tura 'yar sandar da yatsa biyu. Ta koma mazauninta sumul. Ya zagaya filin sau ɗaya, inji ya yi shiru lafiya lau.

Oga ya sauko da gudu yana tambayar me ya yi mata. Tanimu ya ce bai yi komai ba, baya kawai ya ja. Ya faɗi gaskiya, amma Oga ya ɗauka kunya ce irin ta gwani, ya riƙa dukan kafaɗarsa yana dariya. Daga baya bakaniken kamfani ya yi mana bayani. Wai in ogzilari na ciki, tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna. A taɓo suna zamewa su huta, amma a kwalta ba zamewa, sai ƙarafan ciki su murɗe su cije, musamman in an karya kwana. Maganin kawai ka ja baya kaɗan a kan ƙasa ko tsakuwa, murɗewar ta warware. Baba Sande bai taɓa faɗa min ba, don shi tun a bakin taɓo yake cire ta, bai taɓa bari ta cije masa ba.

Oga ya zagaya ya shafa tayoyi, ya ji zafi, ya ga yadda kwalta ta cinye su. Ya juyo kaina.

“Tun daga can ka jawo ta a haka?”

Na ce, “Oga, kai ka ce in kawo ta.”

“Na ce ka kawo ta, ban ce ka kashe ta ba. Tanimu, riƙe makullinka.”

Ko miƙa shi ba sai na yi ba, yana hannunsa, ni na jefa masa da kaina a gaban mutane. Da na ja bayan nan da kaina, taku kaɗan, da a hannuna za ta fita, da yau wani labarin nake ba ku. Na ƙara damina ɗaya a bayan mota, na ga zuciyata ba za ta ɗauka ba, na tattaro na dawo gona.

Sauran kun sani. Da kamfanin ya sayi sabbin motoci, Oga ya sayar wa Tanimu tsohuwar da sauƙi, ya kawo ta gida. Ita ce farar nan da ke jigilar hatsi tsakanin Gude da Kabo, ita za ta zo anjima ta kwaso min masara. Ba ya karɓar ko kuɗin mai a wurina. Duk inda ya zauna sai ya ce Yaya Haladu ne ya kai shi Fatakwal, mutane su yi ta sa min albarka, ni kuma ina jin kamar ana watsa min barkono. Da mugu ne da na samu sauƙi, sai in ƙi shi in huta.

Kuma duk zuwan da zai yi, sai ya sauko ya miƙo min makullin da hannu biyu ya ce Yaya ja mu mana. Ni kuma in ce gwiwata na ciwo. Gwiwata lafiyarta ƙalau. A Fatakwal na so makullin nan, daga hannun Oga, ba a ƙofar gidana daga hannun ƙanin matata ba. Ku tashi ku ɗauko buhuna, na ji ƙarar injinta ta shigo layi.